Mercedes ta jiya da ta yau: kafin ka zuba jarinka

Tambaya: Ina da motoci biyu da nake bayarwa haya ga baƙin kamfanoni. An yi mini tayin Mercedes S-Class ta hannu mai shekara goma, kuɗinta ma bai kai na sabuwar Corolla ba. Mahaifina ya hau Mercedes shekara ashirin ba ta taɓa ajiye shi a hanya ba. Har yanzu haka suke?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Motar da Baba ya hau daban, wadda ake maka tayi daban, tambarin goshi kawai ya haɗa su.

Sunan da Mercedes ta yi na ƙarko, tsofaffin samfuranta irin su W123 ne suka jawo mata shi, wadda aka fara sayarwa a 1976, da W124 da ta biyo bayanta a 1984. Ƙarfe ne zalla, lantarki kaɗan, bakanike da sifana ya gama da ita. Akwai direban tasi a Girka da ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ɗinsa, har kamfanin ya karɓe ta ya ajiye a gidan tarihinsa. To amma a 1989 Toyota ta fito da Lexus LS400, mai laushi da ƙarko, kuma a farashin da ya gaza na Jamusawa. Daga nan Mercedes ta shiga tsimin kuɗin ƙira. Motarta E-Class ta 1995 ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa, a 2005 kuma sai da kamfanin ya nemi a dawo da motocinsa sama da miliyan ɗaya don gyara saboda matsaloli da suka haɗa da birkin lantarki. An gyara da yawa daga baya, wannan gaskiya ne. Duk da haka a 2022 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta sa Mercedes a ƙarshen jeri wajen rashin ba da matsala, Toyota da Lexus suna sama.

Kada ka ɗauka kushe ta nake yi. Wajen daɗin zama, da shiru a ciki, da kare rai in an yi haɗari, S-Class har gobe sarauniya ce, kuma baƙon da ka ɗauko da ita zai biya fiye da na Corolla yana murmushi.

Arahar ce abin tsoro. Kuɗin motar ya faɗi, kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa. Kan iska take zaune, ba kan sifirin ba. Wata safiya za ka fito ka tarar ta durƙusa gefe guda kamar raƙumi, jakar iska ta yi yoyo, famfon da ke hura ta ya yi ta aiki har ya ƙone. Ga baƙo yana jira a filin jirgi. Ran nan asara biyu ce, kuɗin gyara da kwastoman da ba zai sake kiranka ba.

Saboda haka ɗauki biro. Kwana nawa a wata za ta fita aiki, kuma nawa ne bambancin hayarta da na motocinka na yanzu? Wannan bambancin shi ne kuɗin da tambarin yake kawo maka. Cire mai, da inshora, da gyara, da abin da za ta rage a daraja cikin shekara biyu. In kwastomominka ba su taɓa tambayar Mercedes da bakinsu ba, ni da Lexus zan duba.

In kuwa lissafi ya fita, kada ka biya sai ka ga takardun sabis ɗinta, an jona mata kwamfutar bincike a gabanka, kuma ta kwana a ajiye ka dawo da safe ka ga ko ta sauka. Ka kuma ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta a gefe don gyaran shekarar farko. In sayenta zai cinye wannan ajiyar, ka ce wa mai ita Allah ya kawo kasuwa.