Kawu, ga abin da ya tara mu a Greensboro

Kawu, ka ce kana mamakin yadda yaranmu na Maraɗi da Yamai in sun tafi Amurka sai a ji su a Greensboro, alhali kowa New York ya sani. Greensboro gari ne a tsakiyar jihar North Carolina, ba shi ne ma hedikwata ba. Gwamna yana Raleigh, manyan bankuna suna Charlotte. Yammacin jihar duwatsu ne, gabas kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har bakin teku.

Yankinmu da taba da saƙa da kayan katako ya yi arziki. Winston-Salem garin sigari ne, High Point na kujeru da gadaje, Greensboro kuwa yadin wandon jins, har masaƙarsa ta White Oak ta rufe a 2017. Aikin masana'anta ne ya ja na farkonmu, ga haya da sauƙi, sanyin ma bai kai na New York ba. Wanda ya zauna sai ya kira ƙanensa, ya ba shi katifa a falo har ya tsaya da ƙafarsa. Yau wasu na sito-sito, wasu na jan tirela, wasu na sayen tsofaffin motoci suna turawa ta Kwatano.

Batun nama da ka tambaya shi ne inda muka fi taka tsantsan. Jihar nan tana sahun gaba a kiwon alade a duk Amurka, gasasshen naman da suke taƙama da shi ma na alade ne, don haka darasin farko da muke ba baƙo shi ne kada ƙamshi ya ruɗe shi a bakin hanya. Mu watanda muke yi. Mu haɗa kuɗi mu fita ƙauye wurin manomi, mu zaɓi sa, ɗayanmu ya yanka da bismilla, a kasa a raba, kowa ya cika firjinsa. Ragon layya ma can ake yanka shi, don ba a yanka a ƙofar gida. Dankalin Hausa kam sai wanda ya ƙi, babu jihar da ta kai wannan nomansa.

Jirgin da ka gani a lambar motata, tunawa ce da tashin jirgin sama na farko a Kitty Hawk, bakin tekun jihar nan, a 1903. 'Yan Ohio na ƙorafi har gobe, don 'yan'uwan nan biyu da suka ƙera jirgin, su Wright, mutanensu ne. Ni dai abin da na fi so yarana su sani yana tsakiyar garin nan: kantin Woolworth, inda ɗalibai baƙar fata huɗu suka zauna a teburin cin abincin da aka keɓe wa Turawa ranar 1 ga Fabrairun 1960, suka ƙi tashi. Yanzu gidan tarihi ne, in Allah ya kawo ka zan kai ka.

A gaida Inna da yara.