Ga mai tambaya kan binciken tsofaffin garuruwan Ayilan

Ɗan'uwa, tun shekaranjiya na ga tambayarka, sai yau na samu zama. Ka ce ka samu gurbin digiri na uku a Ayilan, malamin da zai duba aikinka yana so ka ɗauki garuruwan ƙasar tsakanin 1500 da 1700, kana son sanin yadda yinin mai wannan aiki yake, da kuma ko takardun za su ishe ka tunda ka ji an ce sun ƙone. Shekara biyar na yi ina fama da garuruwan bakin teku na kudu da yamma, bari in ba ka abin da ido ya gani.

Maganar gobara gaskiya ce. Ran 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasarsu, babbar ma'adanar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts, ginin manyan kotuna a Dablin, ta kama da wuta, takardun shekara kusan 700 suka zama toka: wasiyyoyi, shari'o'i, rijistar majami'u da dama. Cork ma ta riga ta sha nata a Disambar 1920, lokacin da dakarun Birtaniya suka ƙona tsakiyar birnin har da ginin majalisar gari. Saboda haka yawancin rayuwarka za ta ƙare ne a hannun mutanen da suka kwafi takardu kafin wuta ta ci. Richard Caulfield ya buga littafin majalisar Cork a 1876, na Youghal a 1878, na Kinsale a 1879. Ka gode masa, amma kada ka saki jiki da shi ko da wani mai kwafi na ƙarni na 19. Sukan taƙaita abin da ya gundure su, kuma abin da ya gundure su sau da yawa shi kake nema. Na Cork ɗin ma ya tsaya a 1643, bai sake tashi ba sai 1690, wato shekarun Cromwell, jagoran sojan Ingila da ya mamaye Ayilan, duka babu su. Dablin ta fi sa'a, don asalin naɗaɗɗun takardun majalisarta suna nan, kana iya gwada su da abin da John Gilbert ya fara bugawa a 1889. A 2022 an buɗe wata ma'adana a intanet da ke tattaro kwafin abin da ya ƙone daga ko'ina. Tana taimako, amma ba ta hana ka tafiya.

Yinin kansa ba shi da armashi. Ka ajiye jaka da biro a waje, ka shiga da fensir, ka cike takardar neman kundi, ka jira. Watanni ukun farko kuka kawai za ka ji kamar ka yi, saboda hannun akawunan zamanin: harafin e a juye yake, h tana zurowa ƙasan layi, kalma ɗaya a rubuta ta iri uku a shafi guda. Kamar dai ranar da aka fara miƙa maka ajamin wani tsohon malami da ba ka saba da alƙalaminsa ba. Wata rana sai ka ga idonka ya buɗe da kansa. Latin dole ne don takardun izini na sarakuna, kuma ka koyi harshen Ayilan ko kaɗan ne, in ba haka ba muryar masu mulki kaɗai za ka ji.

Ga wata kunya da na sha, kada ka maimaita. Kafin 1752 shekararsu a hukumance ran 25 ga Maris take farawa. Takardar da ke ɗauke da Fabrairun 1602, a lissafinmu 1603 ce. Na yi mako uku ina gina hujja cewa wani rikicin majalisa ya riga dalilinsa faruwa, har ina jin na gano abin da ya kuɓuce wa kowa. Malamina ya karanta, ya zagaye kwanan watan da fensir, bai ce uffan ba.

Inda aikin yake da daɗi shi ne ƙananan abubuwa. Tarar wanda ya saki aladu a titi, wa ke riƙe mabuɗin ƙofar gari da dare, farashin burodi, kuɗin gyaran ganuwa, wa aka karɓa a matsayin ɗan gari mai ikon ciniki, wa aka hana. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ba sai an yi masa dogon bayani ba cewa ƙofa wurin karɓar haraji ce da tantance baƙo, ba kariya daga maƙiyi kaɗai ba. Ɗauki Galway, wadda gidajen attajirai 14 suka riƙe, suna fitar da ƙiraga da kifi, suna shigo da giyar inabi daga Sifaniya da Faransa. A 1518 majalisarta ta hana 'yan gari gayyatar manyan gidajen karkara irin su Burke da Kelly zuwa bukin Kirsimeti ko Ista ba da izinin magajin gari ba. Ɗalibi sabon shiga zai ce ga shaidar gaba tsakanin gari da ƙauye. Ni kuwa cewa nake, ba a kafa dokar hana abin da ba a yi. Gayyatarsu ake yi, ana cin abinci tare, ana bin juna bashi.

Haka za ka karanta shaidun tawayen da Katolikan Ayilan suka yi a 1641, da ke Kwalejin Trinity ta Dablin, kusan 8,000. Akasari Furotesta ne 'yan kaka-gida ke lissafa asararsu, kuma an daɗe ana amfani da su wajen ƙirga gawa da hura wutar gaba. Ka bi jerin kayan da basussukan: tukwane, shanu, hajar kanti, sunan maƙwabcin Katolika da ya ci bashi bai biya ba. Nan za ka ga yadda aka zauna kafin a ɓata. Rahotannin jami'an Ingila kuma suna ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan, sai ka tanadi kuɗin jirgi. Ka tuna mai rubutun yawanci kuɗi ko muƙami yake roƙo, don haka ko dai gari ya lalace ko shi ne ya cece shi.

Kada ka maƙale a ɗakin karatu. Je ka Youghal ka bi ganuwa da ƙafa, ka shiga gidan Rothe a Kilkenny, wanda wani attajiri ya gina tsakanin 1594 da 1610, ka ga yadda filin yake siriri ta gaba, dogo ta baya, kanti a bakin titi, lambu a ƙarshe. Jerin taswirorin tarihin garuruwa da ƙungiyar masana ta Royal Irish Academy ke fitarwa tun 1986 su zama abokan tafiyarka.

Da ni ne zan sake farawa, ba zan zaɓi gari don sunansa ba, sai don littafinsa ya tsira. Waterford tana da babban kundin fata da ya tashi daga 1356 zuwa 1649, kuma tana cikin garuruwan da suka maido da ibadar Katolika a fili a 1603 da jin mutuwar Sarauniya Elizabeth ta Farko, har sai da Mountjoy, wakilin sarautar Ingila a Ayilan, ya zo da soja. Ka tambayi malaminka wane gari yake nufi, ka dawo ka faɗa mini, sai in gaya maka inda takardunsa suke. Ka kuma sayi rigar ruwa mai kyau tun a makon farko, laima ba ta jure iskar can.