Inda ake kafa nozul ɗin metanol a injin turbo

Jiya muna rufe gareji ka ce mini: "Oga, tunda turbo ne ke dumama iskar, me zai hana mu huda bututun daf da inda iskar ke fita daga cikinsa mu sa nozul ɗin feshin metanol a nan, mu kashe zafin tun daga tushe?" Tambayar mai hankali ce, ɗana, shi ya sa ban ba ka amsa a tsaye ba.

Turbo matse iska yake yi, iskar da aka matse kuwa tana iya haura digiri 100 kafin ta isa intakula, wato na'urar da ke sanyaya ta kafin ta shiga injin, balle a zafin watan Afrilu irin namu. Wannan zafin ne ke sa fetur ya fashe da kansa maimakon ya ci a hankali, ka ji injin na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, har fistin ya cinye. Shi ya sa ake haɗa tataccen ruwa da metanol, galibi rabi da rabi, a fesa cikin iskar. Jamusawa sun yi haka a jiragensu a yaƙin duniya na biyu, suna kiran haɗin MW 50, kuma a 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya sa shi a motarsa Jetfire. Ruwan ya fi shan zafi lokacin da yake zama tururi, don haka wurin nozul shi ne inda hazon zai samu sarari ya baje ba tare da ya jiƙa abin da bai kamata ba.

To ɗora hannunka a kan bututun daga filta, mu bi shi. Abu na farko iyafulo, mai auna yawan iskar da ke shiga. Siririyar waya ce mai zafi a cikinsa, in ta jiƙe sai ta yi wa ƙwaƙwalwar mota ƙarya, don haka ba a fesawa gabansa. Sai bakin turbo. Farfelar ciki alminiyam ce, tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, ɗigon ruwa a wannan gudun yashi ne, yana gaigaye bakin fikafikanta. Wasu masu tsere suna yi da nozul ɗan mitsitsi, amma ni ba na yi wa kwastoma.

Yanzu mun zo wurin da ka zaɓa, tsakanin turbo da intakula. Intakula yana aiki ne saboda iskar cikinsa ta fi ta waje zafi, kamar yadda lagireto ke yi. In ka riga shi sanyaya iskar, ka rage masa aiki ne kawai, ribar da ka ci a gaba ka asarar da ita a baya. Abin da ya fi wannan muni, tururin da ya shiga intakula mai sanyi yana komawa ruwa, ya taru a gindinsa. Ran da direba ya take totur da ƙarfi, sai iska ta kwashe shi gaba ɗaya ta watsa wa injin. Bari intakula ya gama nasa, mu kuma mu ƙarasa.

Don haka wurinmu shi ne bayan intakula, kafin totur, da tazarar kamar santimita 15 zuwa 30. In ka matso daf da totur, feshin zai daki faifan ya zama ɗigo. Nemi miƙaƙƙen sashe, ba gwiwa ba. Huda a sama ko a gefe, kada a ƙasan bututu inda ruwa ke kwanciya, kuma bakin nozul ya daidaita da bangon ciki. Bawul ɗin da ke sakin iska in an ɗaga ƙafa daga totur ya kasance kafin nozul, kada ya riƙa mayar da metanol bakin turbo. Sansan zafin iska kuma, so ake ya ji sanyin don ƙwaƙwalwa ta gyara lokacin wuta, amma in feshin yana dukansa kai tsaye zai ba da sanyin da babu shi, ƙwaƙwalwa ta yarda, injin ya cutu. Ba shi tazara. Ko BMW da suka sa feshin ruwa a M4 GTS a 2016, da tankin lita 5 a but, bayan intakula suka fesa.

Bayan totur akwai tsotso idan mota na kan silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, zai ja ruwan ko fanfo a kashe yake. In dole sai can, sa bawul mai aiki da lantarki daf da nozul. Ko a wurinmu ma, in tanki ya fi nozul tsawo, sa shi. An taɓa kawo mini mota mai tanki a but, ba bawul, ta kwana a gangare hanci ƙasa. Ruwa ya tsiyaya har silinda, mai ita ya murɗa ki da safe, kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa. Har yau ina jin takaicin injin nan.

Abu ɗaya da nozul guda ba ya iya yi shi ne raba daidai. Manifol, bututun da ke raba wa silindodi iska, don busasshiyar iska aka ƙera shi, hazo kuwa ya fi iska nauyi, ba ya son kwana, wani silinda ya samu da yawa wani kaɗan. Bayan gwaji, ciro fulogi duka ka jera su. In launinsu ya bambanta sosai, sai mu yi maganar ba kowane silinda nasa nozul.

Gobe ka ciro bututun kafin ka huda, kada ɓarɓashin ƙarfe ya shiga injin. Ka fara gwada nozul ɗin a waje da ruwa zalla, mu ga hazo yake yi ko tsartuwa. In ka zo kan metanol, sa safar hannu, kada ka kuskura ka zuƙo shi da tiyo kamar fetur, yana makantarwa, wutarsa kuma da rana ba a ganinta. Ajiye abin kashe gobara kusa da kai.