Ranar tantancewa a kamfanin lauyoyi: ina ake faɗuwa?

Tambaya: Ni ɗalibar shari'a ce. Wani kamfanin lauyoyi ya gayyace ni ranar tantancewa don aikin sanin makama lokacin hutu. Me zan fi shirya wa?

Amsa: 'Yar'uwa, galibi abu uku ake yi: ganawa da manyan lauyoyi, aikin rukuni, da nazarin wata matsalar kasuwanci.

Na ukun nan shi ke kayar da mutane. Za a miƙo miki tarin takardu, misali wani kamfani na son sayen wani, ga lokaci ƙanƙane. Ki karanta tambayar tukuna kafin takardun. Sannan ki lalubo bashi, ƙarar da ke gaban kotu, da kwangilar da za ta iya rushewa idan kamfanin ya sauya hannu. Wajen bayani, shawararki ta zo farko, dalilai su biyo baya. Zuba dokokin da kika haddace ba zai fisshe ki ba.

A rukuni, masu lura na gefe da biro a hannu. Mai danne kowa da surutu maki yake zubarwa; ke ki riƙe lokaci, ki jawo wanda ya yi shiru.

In lauya ya ƙalubalance ki, ki kare ra'ayinki da hujja. Idan tasa ta fi, ki amince ba tare da kwana-kwana ba.