Tambaya da Amsa: Na'urar Auna Girgizar Ƙasa da Na Haɗa Ta Ƙi Nutsuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Zariya. Na haɗa na'urar auna girgizar ƙasa irin ta Lehman, na jona ta da kwamfuta ta manhajar jAmaSeis. Amma layin da ke kan allo ba ya nutsuwa, sai hawa da sauka yake dare da rana. Da asuba kuma nakan tarar hannun ƙarfen ya karkace gefe ya maƙale. Manhajar ce ko kwamfutar?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ba kullum nake samun wanda ya ƙera abu da hannunsa ba. Kada ka taɓa kwamfutar tukuna, laifin yana wurin na'urar.

Wannan samfuri, wanda mujallar Scientific American ta yaɗa a 1979, kamar ƙyauren gidan gona yake: hannun ƙarfe mai nauyi a baki, yana lilo a kwance. Amfaninsa shi ne jinkirin lilon, daƙiƙa 12 zuwa 18 kafin ya je ya dawo, kuma nan ne rauninsa yake. Iyakar yadda ka tsawaita lilon, iyakar yadda ɗan karkacewar daɓe zai jefa hannun gefe. Siminti yana buɗewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, balle da hunturu. Shi ya sa kake tarar da shi a maƙale da asuba. Ka juya sukurun saiti har lilon ya dawo wajen daƙiƙa 12, ka bar shi kwana uku ka gani. In ya zauna a tsakiya, sai ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ka kuma ɗora na'urar kai tsaye a kan daɓen ƙasa, a ɗakin da rana ba ta duka kuma ba a yawan shiga. Tebur ko bene ba za su yi ba, domin nauyin mutum ɗaya a tsaye kusa da ita ya isa ya lanƙwasa daɓen yadda za ta ji.

Sai iska, wadda ita ce babbar abokiyar gaba. Ba iskar taga kawai nake nufi ba, har wadda ke juyawa a cikin akwatin da ka rufe na'urar da shi. In daɓe ya fi murfi ɗumi, iska mai ɗumi za ta tashi, mai sanyi ta sauko, ta yi ta tura hannun duk dare. Ka lulluɓe akwatin da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji, ka toshe kowace kafa, sannan ka sa ɗan ƙaramin ƙwan fitila a can saman akwatin daga ciki. Ɗumi ya tsaya a sama, iska ta kwanta. Kafin ka rufe, haska tocila ka duba yanar gizo-gizo, don zare ɗaya tsakanin hannun da gindin na'urar ya isa ya ɓata aikin mako guda.

Ka gwada birkinta ma, wato abin da ke kashe lilon hannun. Tura hannun kamar milimita 10 ka sake shi. Ya kamata ya dawo, ya zarce tsakiya da kamar rabin milimita, ya tsaya. In ya ci gaba da lilo, birkin ya yi rauni. Ni na fi son farantin jan ƙarfe mai wucewa tsakanin maganaɗisu biyu a kan filafili a cikin baƙin mai, saboda mai yana kauri da sanyi ya tsinke da zafi. Kuma in maganaɗisun da ke samar da sigina yana kan hannun, mai da shi kan gindi ka sa naɗin wayar da ke ɗaukar siginar a hannun, in ba haka ba duk motar da ta gifta za ta ja shi.

In ka gama ka ga ƙananan igiyoyi masu tsari, kowace kamar daƙiƙa 6, kada ka yi ƙoƙarin goge su. Bugun igiyar teku ne da ke ratsa ƙasa har tsakiyar nahiya. Ganinsu shi ne shaidar na'urarka ta fara jin ƙasa da gaske.

Tambaya: Malam, tawa kuma layin yakan yi kauri da zarar an kawo wuta ko na jona caja. Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan gurnanin wutar gida ne mai bugu 50 a daƙiƙa, yana kutsawa cikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi. Cire cajar ki bar kwamfutar a kan batir. In layin ya sirance, kin kama ɓarawon. Ki ciyar da amfilifayar da batir, ki gajarta wayar sigina ki yi amfani da mai rigar ƙarfe, ki nisanta ta da cajar. Janareto kuwa da girgizar jikinsa ma yake damun ki, sai a matsar da shi.

Tambaya: Na ji labarin girgiza a rediyo, na duba ban ga komai ba. Ta lalace ne?

Amsa: Duba agogo tukuna. Jerin girgizar ƙasa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, da agogon duniya na UTC yake aiki, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023, mai ƙarfin 6.8, ta auku da ƙarfe 22:11 UTC, wato 11:11 na dare a nan, kuma igiyar farko sai bayan minti biyar zuwa shida za ta iso Arewa, manyan igiyoyin saman ƙasa su biyo baya. Ka sa kwamfutar ta riƙa daidaita agogonta ta intanet, ka kuma hana ta yin barci. Sannan Lehman ta manyan girgizoji na nesa ce. Ƙananan motsi na kusa, irin na Kwoi a Jihar Kaduna a 2016 ko na Mpape a Abuja a 2018, sun fi dacewa da na'ura mai saurin ji kamar Raspberry Shake. In ka kama wani abu da kake zaton na gida ne, rubuta lokacinsa daidai da daƙiƙa, ka tuntuɓi cibiyar binciken motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi su gwada da nasu.