Hukuncin Ɗaukar Ƙaramar Yarinya Aikatau Ba Tare da Makaranta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaciya ce a Unguwar Rimi, Kaduna. Wata mata ta kawo mini yarinya 'yar shekara 10 daga wani ƙauye ta wajen Soba. Tana yi mini shara da wanke-wanke, ita ke riƙe wa yarana jaka zuwa bakin makaranta ta dawo. A ƙarshen wata matar ce ke karɓar kuɗin, ta cire nata ta kai wa uban. Ba na dukanta, abin da muka ci shi take ci. Wani malami ya ce babu laifi, ai ɗa da dukiyarsa na uba ne, amma zuciyata ba ta natsu ba.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, ɗaukar mai aiki a biya shi halal ne babu saɓani, haka nan yaro ya taya iyayensa abin da bai fi ƙarfinsa ba. Abin da ya sauya hukunci a maganarki shi ne jakar nan: yarinya tana raka tsararrakinta har ƙofar makaranta, sannan ta juya ta koma kan tukwane. Waliyyi ba shi da ikon ba da ƙaramin yaro ijara, wato aikin da ake biya, sai a kan abin da yake maslaha ga yaron kansa, kuma ban ga maslahar da ta rage wa wadda aka raba da uwarta, aka yanke mata karatu, ko sisi ba ya shiga hannunta ba. A wannan siffa bai halatta ki ci gaba ba.

Hadisin da malamin ya kafa hujja da shi ya zo a wajen Ibnu Majah da waninsa, sai dai mafi yawan malamai ba su ɗauke shi a kan mallaka ba. Da dukiyar ɗa mallakar uba ce, da Allah bai yanka wa uba sudusi (ɗaya bisa shida na gado) ba idan ɗan ya rasu ya bar ɗa, da sai ya kwashe duka. Ma'anarsa ita ce uba mabuƙaci yana da haƙƙi a cikin dukiyar ɗansa mai hali, kuma ko Hanbalawa da suka fi kowa faɗaɗa wannan babi sun sharɗanta kada a cutar da ɗan. Sannan hadisin yana magana ne a kan dukiyar da take hannu, bai ce a tura yarinya birni ta nemo ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da 'ya mace yana wuyan uba har ta tare a gidan miji, to ta yaya za a juya al'amarin ta zama ita ke ciyar da shi? Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usman ya hana a ɗora wa ƙaramin yaro nema, domin idan bai samu ba zai yi sata. Ita kuwa matar da ke cire kasonta, ba ta da madogara a hadisin ko kaɗan.

Ki kuma sani dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 kuma ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Bin shugabanni a irin wannan wajibi ne.

Ba na ba ki shawarar ki sallame ta gobe, domin matar za ta kai ta wani gida ne wanda watakila ba su da tausayinki. Ki nemi uban kai tsaye, ku mayar da zaman ya zama riƙo. Ki sa ta a firamaren gwamnati mafi kusa, ta bi yaranki Islamiyya, aikinta kada ya wuce wanda kike sa 'ya'yanki. Abin da za ki ba uban ya zama taimako, in ya cancanci zakka ki ba shi daga cikinta, ki ɗauki babbar mace don aikin gidan. Idan ya ƙi, ki mayar da ita hannun uwarta da kanki.

Ki lura ba muharramar maigidanki ba ce, ko ta manyan 'ya'yanki maza, saboda haka ki ware mata makwanci mai sutura, kada a bar ta a falo ko kicin. Ki bincika ko ta iya alwala da Fatiha, ki riƙa barinta ta je ganin gida lokacin hutu. Wallahu a'alam.