Tambayoyinku Kan Fasaha: Neman Diskin Da Ba Ya Mutuwa

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duka a kan diskin ajiyar bayanai da ake jonawa da kwamfuta suka taru, kamar kun haɗa baki. Na tsamo shida, sauran sai wani jiƙon.

Tambaya: Malam, na sayi diski a Babbar Kasuwa, a kwalinsa an rubuta tera 1, amma da na jona shi da kwamfuta sai ya nuna mini giga 931. Cutata aka yi ko? Gobe zan koma wurin mai shagon. (Wani ɗalibi, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai)

Amsa: Ƙanena, ajiye sandar, kada ka je ka ɗaga wa bawan Allah murya a banza. Masu ƙera diski da dubu-dubu suke ƙirga, a wurinsu tera 1 giga dubu ne, Windows kuma da 1024 take ƙirga. Hatsin ɗaya ne, tiyar ce ta bambanta. Ka riƙe kuɗin taksinka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a Tawa. A kan babur nake yawon aiki, wani lokaci har Illela ko Keita. Kwamfutata ta cika maƙil. Ina neman diski mai ƙarko wanda ba ya lalacewa, in kwashe aikin shekara huɗu in zuba a ciki, in goge na kwamfutar don ta samu ta numfasa. Wane iri zan saya? (Wani mai hoto, Tawa)

Amsa: Malam mai hoto, da na kai kan kalmar "in goge" sai da na ajiye kofin shayina. Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai a sana'ar nan, don haka ka yi haƙuri, yau kai za ka ɗauki faɗan da ya kamata a raba wa mutum ɗari.

Diskin da ba ya lalacewa ba a ƙera shi ba tukuna. Kowane diski mutuwa zai yi, ranar ce kawai ba a sani ba. In ka kwashe hotunan daga kwamfuta ka zuba a diski ka goge na farkon, ƙaura kawai ka yi musu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Har yanzu kwafi ɗaya gare ka, kuma ka mayar da shi cikin abin da ya fi kwamfutar saurin faɗuwa, saurin ɓacewa, da saurin shiga aljihun ɓarawo.

A bara wata baiwar Allah ta zo shagona da diski ƙunshe a cikin kallabi, ta warware shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ɗanta ƙarami ne ya ja igiyar, ya faɗo daga kan tebur yana cikin aiki. Tsayin bai kai ƙugu ba. Na jona shi, na kanga kunne: ƙyat, ƙyat, ƙyat, sai ya yi shiru. A ciki akwai hotunan mahaifinta marigayi da bidiyon aikin hajjinsa. Na tambaye ta ina ɗaya kwafin, ta ce ai wannan ɗin shi ne ajiyar, mai shagon ya ce mata na ƙwarai ne. Kuma ba ƙarya ya yi mata ba, na ƙwarai ne. Ta daɗe a zaune tana ninke kallabin tana warwarewa kafin ta tashi. Har yau abin yana raina.

Ka san abin da ke cikin akwatin nan? Faifai ne mai juyawa, galibi sau 5400 a minti ɗaya, da wata allura mai karatu kamar ta garmaho. Sai dai wannan allurar ba ta taɓa faifan, shawagi take yi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. In diskin a kashe yake, allurar tana komawa makwancinta a gefe, shi ya sa yakan jure ɗan girgiza. In yana cikin juyawa ya bugu, allurar ta karce faifan, kuma abin da ta karce ya tafi. To kai da ke bin hanyar Keita a kan babur, ka yi wa kanka lissafi.

Yanzu ga amsar abin da ka tambaya. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera irin wannan diski mai faifai: Seagate, Western Digital da Toshiba. Duk wani suna da ka gani a kwali, Transcend ne ko ADATA ko LaCie, abin da ke ciki na ɗaya daga cikin ukun nan ne, riga kawai aka sa masa. Ita kanta LaCie ta Seagate ce. Saboda haka gardamar da ake yi a fada, wai wannan suna ya fi wancan, rabinta gardamar riga ce. Amma rigar tana da amfani ga irinka. Masu rigar roba mai kauri, irin su Transcend StoreJet 25M3, ADATA HD710 Pro ko LaCie Rugged, sun fi jure faɗuwa in a kashe suke. In ka ga an rubuta IP68, lamba 6 ɗin ta ƙura ce, 8 ɗin ta ruwa. A Adar, yankinku na Tawa, ta ƙurar ce ta dame ka, kuma ba ta aiki sai in ka rufe murfin bakin igiyar, wanda yawancinku kuke tsinkewa tun makon farko.

In aljihunka zai ɗauka, na yawo ya zama SSD. Shi ba faifai, ba allura, ba abin da ke motsi a cikinsa, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba: mai faifai yakan kwafi mega ɗari da ƴan kai a daƙiƙa, irin su Samsung T7 kuwa suna kaiwa wajen dubu in kwamfutar tana da bakin da ya dace. Amma kada ka ɗauke shi waliyyi. Ya fi tsada a kowane tera, in zai mutu sau da yawa ba ya sallama, kuma ciro bayanai daga mataccen SSD ya fi wuya. Bai kuma dace a jefa shi a akwati shekara da shekaru ba a jona ba, don cajin da ke riƙe bayanan yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa gudu.

Zafin nan ma ka kula da shi. Takardar da ke zuwa da wasu daga cikin diskokin nan tana cewa a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 ba, kai kuma ka san yadda Tawa take a watan Afrilu da Mayu. Kada ka bar shi a akwatin babur a rana. In ya yi zafi, bar shi ya huce a inuwa kafin ka jona. Babban kwafi kuma ka yi shi da sassafe ko da dare.

Sai bakin igiya, inda na fi ganin suna mutuwa. Wannan faffaɗan bakin mai kamar an manna biyu wuri ɗaya ba ya son a murɗa shi, ku kuma sai ku naɗe igiyar a jikin diskin tana jone, ku cusa a jaka. A yawancin ƙananan diskokin Western Digital da Toshiba bakin a like yake da allon diskin kansa, in ya karye ba a iya ciro diskin kawai a sa shi a wani gida, sai an kai ga mai walda da ya san hannunsa. Cire igiya kafin ka sa a jaka. Kuma ka nemi irin ƙaramin nan da ke shan wuta daga kwamfuta, ka bar manyan da ake jonawa a bango. In kwamfutarka ta hannu ce mai batir, ko kuran ya tafi kana tsakiyar kwafi ba abin da zai same shi.

Ga yadda nake yi, kuma haka nake so ka yi. Da kuɗin da ka tanada don diski ɗaya mai tsada, sayi biyu matsakaita. Ɗaya na yawo, ɗaya na gida wanda ba ya hawa babur har abada. Ka ajiye na gidan a wani wuri dabam da inda kwamfutar take kwana, ko gidan yayanka ne, don gobara da ruwa da ɓarawo ba sa zaɓe. Dattawan Yamai suna tuna yadda Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, mu kuma mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa unguwannin bakin kogi. Masana suna kiran tsarin 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri. Ni duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake jona nawa, in buɗe manhajar FreeFileSync, wadda kyauta ce, ta duba abin da ya ƙaru ta kwafe shi kaɗai. Kafin shayi na biyu ya nuna ta gama. Zaɓaɓɓun hotuna kuma ka ɗora su a Google Drive, giga 15 ɗin da suke bayarwa kyauta ba zai ɗauki bidiyo ba amma zai ɗauki hotunan da ba ka son rasawa.

Sai ka ga aikin a diski biyu, ka buɗe wasu fayilolin ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka goge na kwamfuta. Amaren Tawa amana suka ba ka, kuma ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya yi sakaci.

Tambaya: Malam, na ga wani yana tallan SSD mai tera 16 a Facebook, kuɗinsa bai kai na salula ƴar ƙarama ba. In saya? (Wani matashi, unguwar Boukoki)

Amsa: Ɗana, in aka ce maka ga raƙumi a kuɗin zakara, ai sai ka leƙa ƙarƙashinsa. Na taɓa fasa irinsa a gaban mai shi: ƙaramin katin memori na salula ne aka manna da gam, da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. An yi wa allonsa dabara yana faɗa wa kwamfuta ƙarya. Za ka ga sunayen fayilolinka reras, ka latsa su ƙi buɗuwa, don wurin gaskiyar ya daɗe da cika. Duk sabuwar ma'ajiya ka gwada ta da manhajar H2testw, tana cika ta da bayanai ta sake karantawa. In mai sayarwa ya ƙi yarda da sharaɗin gwaji, ka kama gabanka. Mai faifai kuma ka duba shi da manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka awa nawa ya taɓa yi yana aiki. Wani "sabon" tsohon diskin kwamfuta ne aka sa wa sabuwar riga.

Tambaya: Ina son kwafar bidiyo mai giga 6, diskin yana da wuri sosai, amma ya ce fayil ɗin ya yi girma. (Wata malamar lakwal, Yantala)

Amsa: Malama, a tsarin FAT32 yake, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Kwashe abin da ke ciki tukuna, don fomat goge komai yake yi, sannan ki yi masa fomat zuwa exFAT, wanda Windows da Mac duka suke karantawa suna rubutawa. Na ce tukuna, kada ki dawo mini da kuka.

Tambaya: Zan iya jona diski da salulata kai tsaye? Na gwada da ƴar mahaɗar OTG, ya yi ƙara kaɗan ya tsaya. (Wani ɗan kabukabu, Tawa)

Amsa: Wuta ce ba ta ishe shi ba, salula ba ta cika iya juya faifai ba. Daina gwadawa, wannan tashi da tsayawar ba ta yi masa kyau. Nemi kile na USB ko ƙaramin SSD.

Tambaya: Malam, diskina ya fara ƙara ƙyat-ƙyat, wani lokaci ya buɗe wani lokaci ya ƙi. Abokina ya ce in sa shi a firji ya kwana. Takardun shagona duka suna ciki. (Wani Alhaji, kasuwar Wadata)

Amsa: Alhaji, abokin nan naka ƙanƙara yake sayarwa ne? Firji raɓa zai tara masa a ciki, ya ƙarasa abin da ya rage. Kada kuma ka bari wani ya kwance shi a kan benci, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce faifan. Fara da canza igiya da bakin da kake jonawa, wani lokaci rashin isasshiyar wuta ce ke sa wannan ƙarar. In ta ci gaba, cire shi, kada ka sake jonawa sai ka tanadi sabon diski a gefe. Ranar da ya buɗe, kada ka tsaya kallon hotunan sallah: takardun bashi da na lissafi za ka fara kwashewa, sauran su biyo baya in ya ba ka lokaci. In kuma Windows ta fito da saƙo tana tambaya ko a yi masa fomat, ka latsa a'a.